Gwanin Go Daga Bakin Masu Sharhi

Wani matashin ɗan canji a Wuse Zone 4 ya sanar da abokansa cewa ya yi sallama da dara mai gida 30. Yanzu Go yake koyo, tsohon wasan nan na ƙasar Sin mai mahaɗar layuka 361. Malaminsa YouTube ne, kuɗin makaranta kuwa data.

Abin da ya ja shi shi ne karawar birnin Seoul ta watan Maris 2016, inda AlphaGo, manhajar kamfanin DeepMind, ta lallasa Lee Sedol na Koriya ta Kudu da ci 4 da 1. Michael Redmond, ƙwararren Ba'amurke, shi ya yi sharhi da Turanci. Yakan manna dutse a babban allo, ya cire, ya nuna inda hatsari yake, har mai kallo ya ji a ransa cewa shi ma can zai sa. A wasa na biyu da manhajar ta yi ajiya ta 37 a layi na biyar, Redmond kansa ya yi mamaki. Mutumin namu kuwa gyaɗa kai ya yi.

Ranar da ya shiga intanet ya gwada, sai ya yi ta jera duwatsu a layi na biyar, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kurɓar shayi. Ashe ba wanda ya tsaya ya gaya masa cewa rukunin duwatsun da ba shi da ido biyu, wato gurabe biyu daban-daban da ya kewaye, a bakin mutuwa yake, don masu sharhi sun ɗauka kowa ya sani. Aka kwashe masa kusurwa guda sukutum.

Da abokai suka tambayi sakamako, sai ya ce sabis ne ya ɗauke.