Kowane Keke da Irin Mai Shi

Wani ƙanena da ke karatu a Zariya ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Turawa ne kusan 200, kowa ya matse cikin wando kamar zuba shi aka yi a ciki, sun duƙa a kan kekuna suna tsala gudu ta tsakiyar gonakin inabi a Faransa. Ya ce tseren Tour de France ke nan, tun 1903 ake yin sa, mako uku ana abu ɗaya, wanda ke kan gaba a sa masa riga ruwan ɗorawa. Na zuba ido har ƙarshe ina jiran in ga inda za su sauke kaya. Ashe babu mai ɗauke da ko tiya ɗaya ta masara. Na ce, "To waɗannan bayin Allah ina za su?" Ya ce, "Yaya, babu inda za su, hawan ne kawai."

Mu a Birnin Gwari ba mu da inabi, amma hanya kam Allah ya hore mana. Akwai wadda ta yi gabas zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku, tafiyar kilomita kusan 120. Akwai wadda ta yi Tegina, tsohuwar hanyar Legas, inda tirela ke bi. Akwai ta Funtuwa, wadda ke ratsa Dogon Dawa. Sannan ga jajayen hanyoyin Kakangi da Randagi da Kuyello, waɗanda da damina sai ka rantse laka suke nomawa. Hagu da dama masara ce da dawa da waken suya, ga ɗorawa da kaɗanya tsaye a tsakiyar gonaki, can gefe kuma dajin Kamuku ya yi duhu. Wanda ya zauna gindin mangwaro a bakin ɗaya daga cikin hanyoyin nan ranar kasuwa, kafin azahar ya gama karatun halin ɗan Adam, domin mutum yana iya ɓoye halinsa a masallaci ko a gidan surukai, amma in ya iso gindin hawa da keke, asiri ya tonu.

Na farko cikin masu keken nan shi ne dattijo mai Rali. Keken ya girmi babban ɗansa, an saye shi tun ana haɗa Raleigh a Kano, kuma har yau akwai sauran ledar kanti naɗe a jikin sandarsa. Kowace safiya sai ya goge shi da tsumma biyu, ɗaya na ƙarfe ɗaya na sirdi, kuma ba a haɗa su. Yana da famfonsa, yana da ƙararrawa mai sauti kamar ta makarantar firamare, yana da fitilar dainamo da ba ya kunnawa don kada ta ci taya. In ya zo hawa sai ya sauka ya tura, ba don ya gaji ba, wai kada keken ya wahala. In ya zo gangara ma sai ya sauka, kada birki ya cinye. In ya ga yashi ya sauka, in ya ga ruwa ya ɗauke shi a kafaɗa. Na taɓa lissafi, daga gidansa zuwa kasuwa keken yana hawansa fiye da yadda shi yake hawan keken. Ka ce masa, "Baba, ba za ka sayar ka huta ba?" sai ya dube ka kamar ka ce ya kai uwargidansa kara. Zai ba ka labarin zamanin En'e, lokacin da keke ke da lasin, ɗan doka na tare mutum ya duba lamba, kuma amarya ba ta jin ta yi dace sai an ce angon na da Rali. A wurinsa Phoenix ɗan Sin baƙo ne da ya zo jiya, kekunan Indiya kuwa ko gaisuwarsu ba ya amsawa.

Kishiyarsa shi ne mai lodi. Wannan bai taɓa yarda cewa keke ya saya ba, a zuciyarsa tirela ce. Buhun masara ɗaya a kariya, ɗaya a cusa ta tsakiyar sanda, damin rake a gicciye ya tare rabin titi, kaji huɗu na reto a kan keken kawunansu ƙasa, wani lokaci har da akuya a kwando tana kallon duniya. Ya ƙara wa tayar baya wayoyi masu kauri, ya sa maƙeri ya yi masa kariya da rodi. Ba ya hawa, don babu wurin zama, sai dai ya dafa da ƙirji yana turawa yana nishi. Ka ce, "Malam, kayan nan bai yi yawa ba?" Ya ce, "Wannan? Ai yau ban yi lodi ba." Ranar da tayar ta fashe kuwa, laifin masu yin taya na yanzu ne, ba su da tsoron Allah.

Sai marar birki. Silifas ɗinsa na dama ya fi na hagu sirantaka, don shi ne birkin. Daga saman gangara za ka jiyo shi yana ihu, "Ba birki! Ba birki!" kamar wani albishir yake yi, kuma a ganinsa da ya faɗi haka ya sauke nauyi, duk wanda aka buge shi ya jawo.

Akwai mai gaisuwa, wanda nake tausaya wa fiye da kowa. Tarbiyya ce ta yi masa yawa. Ba ya iya wuce babba yana bisa sirdi, dole ya diro ya russuna. To daga Bagoma zuwa tsakiyar gari dattijo nawa ne zaune a bakin hanya? "Barka da hantsi, Kawu. Ya gida? Ya ruwa? Ya ƙafar taka?" Ya hau, feda uku, ga liman. Ya sauka. Ya hau, ga abokin mahaifinsa. Ya sauka, wannan karon har da ta'aziyyar rasuwar da aka yi bara wadda bai samu zuwa ba. Yaron da suka fito tare yana tafe a ƙasa ya je kasuwa ya dawo ya iske shi bai wuce kantin magani ba. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma wanda ya faɗi haka bai aiki wannan mutumin sayen kayan miya ba.

Wani iri kuma zamani ne ya haifar mana da shi, wato wanda aka sauko da shi daga babur. Kashi biyu ne. Na farko sun sauko a ƙarshen Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana hawan babur a jihar saboda 'yan bindiga, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layin waya a yankinmu. Na biyu sun sauko bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Duk inda ka gan su za ka gane su. Hannun dama na murɗa kan keke yana neman totur. In za su tsaya sai ƙafa ta laluba giyar da babu ita. Ɗan acaɓan cikinsu har yanzu in ya ga mace da kaya a bakin hanya sai ya rage gudu ya ce "Hajiya, ina zuwa?" kafin ya tuna. Ma'aikacin cikinsu kuwa, mai babbar riga da jakar takardu, ba ya taɓa cewa kuɗin mai ne ya gagara. "Likita ne ya ce in riƙa motsa jini." Abin mamaki, a wata guda likita ya ba rabin ma'aikatan ƙaramar hukuma wannan shawara. Babur ɗin na nan a zaure an lulluɓe shi da tsohon zane, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

Mai labarin hanya shi ne wanda dariyarsa ke da ɗaci. A shekarun da dajin nan na Kamuku ya zama abin da ya zama, dajin da tun 1936 aka keɓe shi, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999 don baƙi su zo kallon giwaye da ruwan Dogon Ruwa, sai ga shi manomi ba ya iya zuwa gonarsa, mota ba ta bin hanyar Kaduna sai da rakiyar soja. A lokacin duk wanda ya ɓullo daga ƙauye a kan keke, kafin a ce masa sannu sai a ce, "Hanya lafiya?" Mafi yawa su ce lafiya lau ko su girgiza kai su wuce. Shi kuwa wannan sai ya kafe keke, ya nemi ruwa, ya gyara zama. Bai ga kowa ba, amma ya ga sawu. Sawun babur goma ne a wurin mai shayi, ya zama talatin a wurin mai nama, kafin la'asar ya kai ɗari har da raƙumi. Ba a iya ƙaryata shi, don wata rana gaskiya ya faɗa, kuma waɗanda suka saurare shi a ranar suna nan da ransu. Tun da aka yi sulhu a ƙarshen 2024, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, kasuwar labarinsa ta ja baya. Yanzu farashin taki yake kawowa, shi ma da ƙari.

Da sallah kuma sai ɗan birni ya iso daga Kaduna da keken gwanjo mai giya barkatai, tayoyi sirara kamar taliya, hular kwano a ka, gorar ruwa maƙale a sanda. Shi ne ɗan'uwan waɗancan na bidiyo. Yana cewa zai je Tsohuwar Birnin Gwari ya ɗauki hoton kufai don tarihi, yara na bin sa a baya suna kirga giya. Bai yi nisa ba ƙaya ta yi masa sallama. Sai ga shi yana turo abinsa, mai lodi ya wuce shi da buhu biyu yana cewa, "Sannu, Alhaji ƙarami, ko a ɗora maka shi a baya?"

Dukansu kuwa ƙarshensu wurin mai faci, wanda ke zaune da kwanon ruwa baƙi ƙirin da gwangwanin sholisho da tarin boris a murfin kwalba. Shi ba ya hawa keke, ƙafa yake tafiya gida, wai ya san abin da ke ciki. Yana tsoma tif a ruwa yana kallon kumfa kamar mai duba, sannan ya yanke hukunci: "Wa ya yi maka wannan facin?" Ko da shi ya yi shi makon jiya. Akwai tif ɗin da na gani a hannunsa, faci a kan faci, har ba a san launinsa na asali ba, mai shi na roƙo a ƙara ɗaya. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Malam, wannan ba faci yake so ba, salla yake so a yi masa."

A bencinsa nake zaune nake wannan rubutu, kuma ba gyara na kawo ba. Jiran mai aro nake. Shi ne iri na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne cikinsu bai mallaki ko bawul ba, amma ya fi kowa sanin hanyoyin ƙasar nan. Sallamarsa ɗaya ce: "Maƙwabci, ɗan ba ni keken nan, nan kusa zan je, yanzun nan zan dawo." Nan kusa a bakinsa na iya zama Randagi. In ya dawo da shi, iska ta sauka, ƙararrawa ta yi batan dabo, sarƙa na wani kuka da ba ka san ta da shi ba, kuma kafin ka buɗe baki shi zai fara: "Kai, keken nan naka ya ba ni wahala, ya kamata ka duba shi." Ranar Talata ya karɓi nawa zai kai saƙo bakin tasha. Ɗazu mai labarin hanya ya tsaya ya sha ruwa, ya ce ya ga keke irin nawa sak a Dogon Dawa, an ɗora masa buhu biyu da akuya. Mai faci ya ce kada in damu, mutumin da ƙari yake magana, wataƙila buhu ɗaya ne.