Yadda Ake Neman Kofin Shayi da Ƙafa, Daga Dutsin-Ma Zuwa Bakin Zobe

A ƙasar Kanada akwai wani gidan shayi a gefen tafkin Agnes, can cikin tsaunukan Banff. Mota ba ta zuwa, wutar lantarki babu, sai mutum ya haura wajen kilomita uku da rabi a ƙafa kafin a zuba masa kofi guda, kuma tun 1905 ake wannan hidima. Samarinmu suna ganin hotunan wurin a waya suna haɗiyar yawu. To, ku kwantar da hankalinku. Dutse muna da shi a Dutsin-Ma, ruwa ga shi shimfiɗe a Zobe, shayi kuwa wa zai koya wa Bakatsine? Ƙafa kawai ta rage, ga kuma yadda ake sa ta aiki.

Na ɗaya: zaɓi rana

Lokacin hunturu ya fi, daga Disamba zuwa Janairu, kuma a tashi da an sallame sallar asuba. Wanda ya gwada wannan tafiya a watan Afrilu zai iso bakin ruwa yana neman ƙanƙara, ba shayi ba. Ka kuma kauce wa Laraba, ranar da kasuwar Dutsin-Ma ke ci, domin duk wanda ya ratsa ta da niyyar zuwa Zobe, a gaban mai tsire tafiyarsa ke ƙarewa. Idan daga Katsina ka taso, mota za ta biyo da kai ta Kurfi, ƙasar Maradin Katsina. Yi guzurin ƙuli-ƙuli da dabino a nan, kada ka taɓa su kafin ka shiga ƙasar Yandaka, wato Dutsin-Ma.

Na biyu: nemi ɗan gari

Wannan shawara babu wasa a cikinta. Yankin ya sha fama da 'yan bindiga, saboda haka da ɗan gari akan ci gari. Sami wanda ya san hanya, ya kuma san labarin da aka kwana da shi. In ya ce yau ba a zuwa, to ba a zuwa. Ruwan Zobe ba gudu zai yi ba. Ku tafi ku uku ko huɗu, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku.

Na uku: rage ado

Babbar riga ta zauna a gida, haka takalmin sallah. Silifas kuma a tsakiyar hanya yake tsinkewa, bai taɓa yin haka a ƙofar gida ba. Sa takalmi mai rufi, shafa man kaɗe a dunduniya saboda faso, riƙe ƙyallen rufe hanci saboda hazo. Gorar ruwa dole ce. Zuba canji a aljihu, domin a bakin ruwa sabis na iya ɗaukewa, mai shayi kuma ba ya zuba madara da "bari saƙon ya shigo". A ƙasan jaka sa 'yar buta, ganyen shayi, sukari, citta, kanumfari da ƙullin gawayi. Za ka ga amfaninsu a gaba.

Na huɗu: fara da dutse

Kafin ka nufi kudu wajen dam ɗin Zobe, hau dutsen gari tun rana ba ta gasa shi ba. Sannu ba ta hana zuwa: ɗan taku, ɗan hutu, hannu na taimakon ƙafa. Ƙadangaru za su yi ta gyaɗa maka kai, ka ɗauka jinjina ce. Daga sama za ka ga rufin kwano da hasumiyoyin masallatai suna fitowa daga cikin hazo, gonaki sun yi fari bayan girbi. Ɗauki hotonka a zaune, nesa da gefe. Saukowa ta fi hawa wuya, kuma babu abin kunya in wando ya taya ƙafa aiki a wuri mai santsi.

Na biyar: daure wa masu babur

Da ka kama hanya za su fara tsayawa. "Malam, Zobe ne? Hau mu je." Amsa da fara'a: "Na gode, ɗan'uwa, yau ranar ƙafa ce." Wani zai ɗauka kuɗi ne babu, har ya ce ya yafe maka. Yi masa addu'a ka ci gaba. Duk daɗin shayin da ke jiranka a cikin wannan ƙin yake.

Na shida: sa gaisuwa cikin lissafi

Ba a wuce mai aiki a gona ba "sannunku da aiki", ba a wuce dattijo a gindin bishiya ba a rusuna ba. "Baba, barka da hantsi." Zai tambayi gajiya, ya tambayi gida, sannan ya dubi ƙurar ƙafarka ya ce, "Yaro, lafiya kake tafiya a ƙasa?" In ka tambayi nisan dam ya miƙa leɓe ya ce ga shi nan gaba kaɗan, ƙara sa'a guda a zuciyarka. Tsaya ka cire ƙarangiya daga ƙafar wando, in kuma ka ci karo da mai fura da nono, rabin ƙwarya ya isa. Cikakkiya barci take kawowa.

Na bakwai: ba ruwan haƙƙinsa

An kammala madatsar Zobe a 1983, a kan kogin Karaduwa. Bangon ƙasa ne mai tsayin mita 19, tsawonsa ya haura kilomita biyu da rabi. Shekaru da dama ruwan ya yi yana jiran a kai shi famfunan jama'a, sai a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin. Nemi izinin masu gadi kafin ka hau bangon. Kalli masunta suna turo kwale-kwale da tarwaɗa da karfasa, da fadamun noman rani kore shar a tsakiyar fari. Iyo kuwa bar wa kifi.

Na takwas: shayin

Inda masunta da manoman rani ke taruwa, nemi hayaƙi da benci. In ka dace da mai shayi, yi sallama ka zauna, ka ce, "Malam, a yi mini mai kauri." Sa ido ka ga aiki: ya huda gwangwanin madara, ya tsiyaya, ya zuba ruwan ganye ta rariya, ya ɗaga kofi sama yana shiƙa shi cikin wani, zaren shayi yana miƙewa kamar tsawon kamu biyu, ɗigo bai faɗi ƙasa ba. Mai son ruwan bunu ya faɗa tun da wuri. In ba ka dace da kowa ba, fito da butarka, jera duwatsu uku, hura gawayi: yau kai ne mai shayin Zobe. Ko ta wace hanya, kada ka sha kai kaɗai. Miƙa wa na kusa da kai kofi, labarin ruwa da na kifi zai biyo baya kyauta.

Na tara: dawo da rana

Kashe wutar, kwashe ledoji da gwangwani, bar wurin tun kafin la'asar. Yanzu babur ya halatta. Sayi kifi ka riƙe wa uwargida, shi ne shaidarka. Gobe cinyoyi za su kai ƙara. Ba su ruwan ɗumi da man zafi, sannan ka kira abokan tafiya ku sa ranar komawa, wannan karon da ƙannenku da ba su taɓa ganin Zobe ba.