Kwamfutar da Ke Kewar Faransa

A Mokolo, babban garin Mayo-Tsanaga, akwai kwamfutocin da ba sa yarda yau Laraba ce, ko da kasuwa ta cika ta batse. Mai irin wannan na'ura ya kwantar da hankalinsa. Cutar iri biyu ce, kowacce da maganinta.

Ta farko mantuwa ce. Da zarar an ɗauke wuta an maido, sai kwamfutar ta farka tana rantsuwa yau 1 ga Janairu, na wata shekarar da aka daɗe da yin sadakar arba'in ɗinta. Takardar da ka buga wa ɗanka da safe sai ta girme shi. Shafukan intanet su ƙi buɗewa, domin a lissafinta ba a ma rubuta takardun shaidarsu ba tukuna. Mai laifin ɗan batir ne kamar kwabo, mai lamba CR2032, maƙale a allon cikinta. Shi ke ciyar da wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, ko tana kashe. In batirin ya mutu, ƙirge ya tsaya. Cire wayar wuta, buɗe ta, sa sabo, ka gaya mata ranar sau ɗaya.

Ta biyu kewar gida ce, kuma ta fi kama 'yan gwanjon da suka zo daga Faransa. Duk lokacin hunturu lafiya lau, agogonmu da nasu ɗaya. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris kuwa, Faransa takan tura agogonta gaba da awa guda, ita ma kwamfutar ta bi iyayen gidanta, ba za ta dawo ba sai ƙarshen Oktoba. A 2024 ranar ta faɗo 31 ga Maris, cikin azumi. Wanda ya gaskata ta, da ya kai dabino baki rana tana tsaye kan duwatsun Mandara.

Kada a yi mata faɗa, baƙo makahon gari ne. Shiga wurin saitin lokaci, zaɓi UTC+1 na yammacin Afirka ta Tsakiya, wanda Garwa da Marwa da Kano ke bi ba ya motsi rani da damina, sannan ka bar ta tana daidaita kanta da intanet. In magariba ta yi, gwada ta da ladanin unguwa. Ranar da bakinsu ya zo ɗaya, ta zama 'yar gari.