Laimar Kwaɗi da Littafin Faransa

Mai neman littafin hotuna a Damagaram domin tantance laimar kwaɗi, wato tsiron nan marar ganye da ake kira naman kaza, yakan tarar akasarin irin waɗannan littattafai bugun Faransa ne, waɗanda ke umartarsa ya duba gindin itatuwan da ba su taɓa maƙwabtaka da gawo ba. A garin Zermu kuwa tsiron yakan leƙo ne wajen watan Agusta, a jikin suri ko kan juji, kuma kafin manazarci ya gama gwama launin hula da tsawon ƙafa da hoton shafi, akuya, wadda ba ta jin Faransanci, ta riga ta yanke hukunci a kansa.