Yadda Ake Buga Shafin Intanet Ba Tare Da Gefen Dama Ya Salwanta Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon kwamfuta a Panshekara ko Sheka yana jiran firinta ta turo takarda ya san wannan ciwo. Suna ya fito, lambar waya ta fito, sunan ƙauye ma ya fito ɓaro-ɓaro. Layin ƙarshe na hannun dama kuwa, inda aka rubuta buhun taki nawa ko naira nawa, babu shi babu dalilinsa. Mai wannan rubutu ya gamu da haka kwanan nan, da ya raka sakataren wata ƙungiyar manoman rani daga Kura buga jerin mambobinsu, kuma har yau bai huce ba.

Na farko, a daina zagin firinta. Faɗin takardar A4 milimita 210 ne, tsawonta 297. A lissafin Chrome faɗin nan ɗigo 794 ne kacal, tun ba a cire gefe ba, alhali allon ƙaramar kwamfuta ta gama-gari ɗigo 1366 ne. Jadawalin da aka shimfiɗa wa allo, in aka ce ya shiga takarda, tamkar an juye buhun shinkafa ne a tiya guda.

Na biyu, bayan an danna Ctrl da P, a tsaya a dubi hoton da ya bayyana kafin a buga. In gefen ya yanke, a kwantar da takardar maimakon a bar ta a tsaye, faɗin zai kai ɗigo 1123. In bai isa ba, a rage girman shafin zuwa kashi 70 ko 60 cikin ɗari.

To, a nan fa ake samun matsala da yaron shago. Hannunsa ya fi idonsa sauri. Kafin a ce masa dakata ya buga, ya miƙo takardar da ɗuminta, in an nuna masa ɓarna ya ce haka ta zo daga can. Ya sake bugawa ba tare da ya taɓa komai ba, ta sake fitowa yadda ta fito, ya kuma lissafa duka biyun. Ana cikin jayayya a ɗauke wuta, a tayar da janareto, kuɗin shafi ya tashi. In an yi sa'a ya yarda ya rage girman, sai ya rage shi har dattijon da sunansa ke ciki ya kasa gane ko buhu 3 aka ba shi ko 8. Wallahi wannan zalunci ne, ko da ba da gangan ba.

Akwai kuma firintocin da aka bar su a kan takardar Amurka, mai faɗin milimita 216. Milimita 6 ɗin da ta fi A4 da su, daga dama ake rasa su. A mayar da firintar kan A4.

Na uku... a bar lissafin nan haka. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwanta ke shayar da gonakin Kadawa, Kura da Bunkure, kuma manomi ya san ruwa ba ya jiran kowa. Yau rajistar taki da ta bashi da ta iri sun koma intanet, amma ofis sai ya ga takarda zai saurari mutum. Manomi ya bar tumatir a gona, ya biya kuɗin mota, ya koma da takardar da babu adadinsa a ciki. Me zai hana wanda ya ƙera shafin ya buga shi ko sau ɗaya ya gani da idonsa? Me zai hana ya dawo da layin kuɗi kusa da suna?

Mai wayar Android ya ajiye shafin a matsayin PDF tun daga gida, ya duba gefen dama, sannan ya tura wa mai shago ta WhatsApp. Jadawalin da ya gagari duk wannan kuwa, a kwafe shi zuwa Excel, a zaɓi inda ake matse duk layukan cikin faɗin shafi ɗaya, kuma kada a miƙa kuɗi sai sakatare ya karanta layin ƙarshe da bakinsa.