Mutanen da Ƙudan Zuma ke Haƙuri da Su

Kiwon zuma ya daina zama sana'ar mutanen karkara su kaɗai. Yanzu malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya da samari masu jiran aiki kan haɗa ƙungiya, su taru ran Asabar a gindin mangwaro, kowa da akwati biyu ko uku a bayan gari. A takarda, manufar ita ce koyar da juna da kula da lafiyar ƙuda. Akan buɗe taro da addu'a, wani ya tunatar da cewa akwai sura guda, Suratun Nahli, da ke ɗauke da sunan wannan halitta, kowa ya gyaɗa kai. Daga nan ba a ƙara yarda da juna a kan komai sai an tashi.

Wanda ya fi kowa baki shi ne Malam Na-gani-a-waya. Iliminsa daga bidiyon Amurkawa ya kwaso shi, kuma ba ƙarya yake yi ba, gaskiyarsa ce dai ta wata ƙasa. Ya san cewa a 1851 wani limamin coci mai suna Langstroth ya gano cewa in aka bar ratar milimita 6 zuwa 9 a cikin akwati, ƙuda ba sa toshe ta, ba sa gini a cikinta. Ya san sarauniya na iya zuba ƙwai sama da 1,500 a rana. Sai kuma ya miƙe ya yi lacca kan yadda ake lulluɓe akwati kafin dusar ƙanƙara, ana tsakiyar Afrilu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Babbar abokiyar gabarsa ita ce 'yar kaskar zuma da ta fito daga Asiya ta addabi Turai da Amurka, wadda ƙudanmu na Afirka suka fi nasu iya jure mata. Yana duƙe yana nemanta da gilashin ƙara girma, kwarkwasa kuwa na hawa ƙafar akwatinsa a layi, ba mai ce musu kanzil.

Can gefe, a kan buzunsa, akwai Baba Mai-amya, wanda bai taɓa furta kalmar akwati ba tare da ya taɓe baki ba. Tasa amyar ta ciyawa ce, saƙar hannu, an yaɓe ta da kashin shanu, an turara ta da wasu saiwoyi da ya rantse ba zai faɗa ba sai ranar da zai bar wa ɗansa wasiyya, sannan an ɗora ta a reshen ɗorawa. Da dare yake ɗiba, ba riga, da igiya da dunƙulen ciyawa mai ci da wuta. Abin da ya sauko da shi, saƙa da tsutsa da gawar ƙuda da toka, duk tare ake matsewa, shi ya sa zumarsa take baƙa tana ƙamshin hayaƙi. In matashin da ya zo koyarwa ya ce, "Baba, wutar nan tana ƙone 'ya'yan, shi ya sa amyar ke mutuwa," sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaro, tun mahaifinka na wasan ƙasa nake cin zuma." A kan wutar dai yaron ne da gaskiya. Amma ka tambayi taron nan duka yaushe kaɗanya ke fure, yaushe ɗorawa ke biyo ta, me ya sa gawo ke ciyar da ƙuda da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, za ka ga kowa ya waiwayo wajen buzu. A ganina kuɗin da ake kashewa wajen gayyato masu lacca, da an ba Baba rabi. Bayan an watse kuma shi ne zai ja matashin gefe, murya ƙasa-ƙasa: "Ɗana, gwangwanin hayaƙin nan naka, ara mini zuwa jibi. Jikana ke son gani."

Alhaji Kaya shi ya sayi komai kafin ya san komai: farar riga mai zif har wuya, hula mai raga, safar hannu, takalmin roba, da injin tace zuma da har yau yana cikin kwali. Ya jera akwatuna goma samfurin Kenya, irin waɗanda aka ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ya sa an yi musu fenti, ya dasa su a tsakiyar rana don masu wucewa su gani. Bai goga wa sandunan saman akwatunan kaki ba, don ba wanda ya isa ya koya wa Alhaji. Ƙuda suka zo, suka zaga, suka tare a wata fasasshiyar randa a bayan garejinsa. Da daga baya suka yi masa alfarma suka shiga akwati ɗaya, sai ta bayyana cewa kafinta ya ƙara wa sandunan faɗi don a ga ya yi aiki mai auki. Ƙudanmu santimita 3.2 suke so. Suka yi saƙarsu a gicciye, suka liƙe komai, har yau ba a iya ɗaga sanda ɗaya ba tare da an yi yaƙi ba.

Akwai mai leƙe, wanda ke buɗe akwati safe da yamma don ya gaida sarauniya. Ƙudan Afirka ba su da dogon haƙuri, da an dame su sai ƙaura. Yakan zo taro yana cewa, "Wallahi jiya ma suna nan."

Mai kalkuleta bai taɓa kallon ƙuda ba, lita yake gani tana shawagi. Akwati ɗaya kaza, sau ɗari kaza, ga Turai na jira, ga kujerar Makka. Don haka ba ya jiran ƙuda su rufe saƙa da kaki. Zumar da ba ta nuna ba ruwa ya yi mata yawa, in ya haura kashi 20 cikin 100 sai ta yi tsami, kwalba ta yi kumfa, murfi ya yi tsalle a kantin mutane. Kuma yakan kwashe tas, ba ya bar musu abin da za su ci kafin wani furen. In sun raunana, tsutsar asu ta cinye kakin, sauran suka gudu, sai ya ce hannu aka sa masa.

Jarumin ƙungiya shi ne mai cewa, "Ni sun san ni, ba sa harbina." Shi ake kaiwa gida a bayan babur, ido ɗaya a rufe, leɓe ya yi nauyi, yana bayani da ƙyar cewa waɗannan baƙi ne. Ana dariya, amma a riƙe wannan: kumburi a wurin harbi ba komai ba ne, wanda kuwa numfashi ya fara yi masa wuya ko jiri ya kwashe shi, asibiti ake nufa da shi a guje, ba a tsayawa goga albasa.

'Yan tallafi ba a ganinsu sai an ji ƙishin-ƙishin za a raba akwati kyauta, ko 20 ga Mayu ta zo, Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya da aka fara bikinta a 2018, saboda akwai hula da riga. Su ne a sahun gaba a hoto. Ka ziyarce su bayan wata uku, za ka tarar da kaza na kwanci a cikin akwatin. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Hajiya ma'aji ba ta cika magana ba, sai in an zo kan kuɗin wata. Ita ce ke ajiye kaskon ruwa da tsakuwa a ciki don ƙuda su sha ba su nutse ba, ta shafa baƙin mai a ƙafafun akwati saboda tururuwa, ta sa a share ciyawa kafin masu farautar gafiya su cinna wa daji wuta, ta aika wa manomin da ke maƙwabtaka da goro a roƙe shi ya bar feshi sai yamma. Kakin da maza ke zubarwa ita ke tsincewa ta narka ta yi man shafawa. Da aka zo zaɓen wanda zai wakilci ƙungiya a taron bita a Abuja, Malam Na-gani-a-waya aka tura, saboda Turanci.

Na ƙarshe ba ɗan ƙungiya ba ne, amma ya fi kowa sanin lambar shugaba. Shi ne mutumin da ƙuda suka tare masa a silin, ya fesa musu maganin sauro, suka kori iyalinsa zuwa gidan maƙwabta, sannan ya kira ƙarfe goma na dare. Za a zo da tsani da hayaƙi, a sha harbi, a kwashe su kyauta. Ana loda bokiti a mota sai ya biyo baya yana gyara hula: "Malam, ƙudan dai naku ne, na yafe. Amma zumar a gidana aka yi ta."