Taƙaitaccen Bayani a kan Hukuncin Waƙar da Ke Tashe a Ambursa

Ya kai mai neman sani, mas'alar gane waƙar da ta fi kowace tashe mas'ala ce da magabata suka bari a buɗe, na baya kuma suka ƙara mata ruɗani. Mun tsara ta babi-babi domin amfanin mazauna Ambursa da masu ratsa ta tsakanin Birnin Kebbi da Argungu.

Babi na ɗaya: Ta'arifi

Waƙar tashe ita ce wadda mutum yake ji ba tare da ya nema ba, yake kuma rerawa ba tare da ya yi niyya ba. Da sharaɗi na farko aka fitar da waƙar da mutum ya kunna wa kansa a ɗaki, domin wannan son zuciya ne. Da na biyu aka fitar da ƙarar janareta, wadda ake ji ba a nema ba, amma har yau ba a ruwaito wanda ya rera ta ba.

Babi na biyu: Zamunna uku

1. Zamanin ƙafa da aljihu. Shi ne zamanin Narambaɗa, da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da Mamman Shata wanda ya rasu a 1999. Ma'aunin wannan zamani kyauta ce, wato doki da riga, daga baya mota, sai kuma wasiƙun masu zaɓen waƙa a Rediyon Kaduna da Rima Rediyo ta Sakkwato. Mai son waƙa zai rubuta takarda, ya jero sunayen dangi da abokai, ya kai gidan waya, ya zauna jira. A Amurka mujallar Billboard ta soma jadawalinta na waƙoƙi 100 a 1958, bisa cinikin faifai da yawan sakawa a rediyo, kuma a Afrilun 1964 mawaƙan Beatles na Ingila suka riƙe matsayi biyar na farko a mako guda. Rukunin da ya haɗa mutumin Ambursa da na Amurka a nan shi ne wahala: babu wanda ya ɗaga waƙa yana kwance.

2. Zamanin kaset. Ma'auninsa lalacewa. Kaset ɗin da ya fi tsinkewa ana liƙe shi, aka fi naɗe zarensa da biro don tattalin batir, shi ne ke bisa. Wanda aka samu garau a aljihun motar direba, shaida ce a kan mawaƙinsa, kuma ba shaidar alheri ba.

3. Zamanin yatsa, wanda muke ciki. A 2013 Billboard ta fara lissafa kallon YouTube, a 2020 aka kafa jadawalin TurnTable a Najeriya, a shekarar kuma "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta bazu ta bidiyoyin rawa a wayoyi. Tun daga nan waƙa ta kasu kashi biyu: gaɓar da ake rawa da ita a TikTok, da ragowar waƙar, wadda masana fannin suka yi saɓani a kan samuwarta.

Babi na uku: Shaidun da ake karɓa a Ambursa

Su huɗu ne, bisa jerin ƙarfinsu daga ƙasa zuwa sama.

1. Mai shayi. Shaidarsa mai rauni ce, domin yakan bi ra'ayin wanda ya sayi ƙwai.

2. Ɗan kabu-kabu. Ana karɓar tasa da sharaɗin an ji waƙar kafin ya wuce.

3. Mai caji da tura waƙoƙi. Shi ne ke cika wa mutane memori, kuma sau da yawa abin da ya tura shi ake so, ko da ba shi aka tambaya ba. Saboda haka shi shaida ne kuma mai hannu a cikin shari'ar, lamarin da ke buƙatar taka-tsantsan.

4. Yarinya mai talla. Ita ce mafi inganci, domin ba ta da waya, ba ta da data, ba ta kuma san mawaƙin ba. Idan waƙa ta fito daga bakinta, to ta iso ta hanyar da ba a saye.

Idan uku suka haɗu a kan waƙa ɗaya, tashe ya tabbata. Idan suka rabu biyu da biyu, a dakata sai ranar kasuwa.

Babi na huɗu: Shubuhohi da warwararsu

Idan mai cewa ya ce: alƙaluman intanet sun wadatar, me ya kawo mai shayi? Sai mu ce masa: Allah gafarta malam, a nan mutum ɗaya ne ke sauke waƙa, unguwa ta kwashe ta ta Xender da Bluetooth, na'ura ta rubuta mutum ɗaya. Wani kuma ya bar waƙa tana maimaita kanta ya yi barci, na'ura ta rubuta jama'a. Ma'aunin da ke mayar da unguwa mutum guda, ya mayar da mai barci taro, ba a gina hukunci a kansa.

Idan ya ce: a Argungu, inda bikin kamun kifi ya faro tun 1934, ana ɗora giwan ruwa a sikeli a san gwani, me zai hana a yi wa waƙa haka? Sai mu ce: wannan ƙiyasi ne tare da bambanci. Kifi ba ya ƙara nauyi don mai shi ya biya kuɗin talla, kuma ba a kama kifi ɗaya sau dubu.

Idan ya ce: filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yana Ambursa, ashe waƙoƙin duniya nan suke fara sauka. Sai mu ce: suna sauka, amma a cikin kunnen fasinja, kuma da shi suke wucewa Birnin Kebbi. Abin da na kusa da kai bai ji ba bai shiga ta'arifi ba.

Idan ya ce: to ina matsayin "Bakandamiya" ta Shata, wadda har gobe ake ji? Sai mu ce: wannan ta bar babin tashe ta shiga babin zama, kuma ba a tambayar mai gida yaushe ya iso.

Kammalawa

Abin da ya fi rinjaye a wurinmu shi ne, a da waƙa takan hau da wuya ta daɗe, yanzu takan hau da sauƙi ta sauka kafin a gama sanar da hawanta. Saboda haka wajibi ne ga duk wanda aka tambaya wace waƙa ke tashe a Ambursa ya ambaci rana da lokaci da bakin rumfar da ya tsaya. Amsar da ta kwana bakwai ta faɗi, sai an sake jin shaidu. Wanda kuma ya amsa ba tare da ya saurari mai talla ba, ya yi gaggawa, kuma alhakin mawaƙin da ya sauke yana wuyansa.